Waya ta Mai Saye, Makulli na Kamfani

A watan Nuwamban 2008, makonni kaɗan bayan fitowar T-Mobile G1, wayar Android ta farko da ta shiga kasuwa, masu amfani da ita suka gano wani abin al'ajabi. Duk abin da mutum ya rubuta a madannanta, ko da saƙon gaisuwa ne, wayar tana karɓarsa a ɓoye a matsayin umarni daga mai iko mafi girma a cikinta. Wanda ya rubuta kalmar Turanci mai nufin a sake kunna na'ura, sai wayar ta mutu nan take ta sake tashi. Kamfanin Google ya gaggauta toshe wannan kafa. A yau al'amarin ya juye gaba ɗaya: mutum na iya shan wahalar samun wannan iko, ya buɗe fayil ɗaya domin ya canza layi ɗaya, wayar ta amsa masa cewa wurin na karantawa ne kaɗai, ba a rubutu a cikinsa.

Rufe wannan wuri daidai ne, kuma akwai hujjoji masu ƙarfi a kansa. Inda gizo ke saƙa shi ne makullin: kamfanoni da yawa sun riƙe shi har abada, har bayan sun daina kula da wayar da suka sayar.

Ɗaki biyu a gida ɗaya

An gina Android ne a kan Linux, kuma a Linux akwai asusu guda da babu wanda ya fi shi iko, wanda ake kira rut. Kamfani ba ya miƙa wa mai saye wannan asusu. Yi wa waya rut na nufin karɓo shi.

Ma'ajiyar waya kuma a kashe take sassa-sassa. Akwai sashen mai waya, inda hotuna da saƙonni da manhajojin da ya sauke suke zaune. Akwai sashen tsarin, inda ita kanta Android take tare da manhajojin da suka zo daga masana'anta. Na farko ana rubutu a cikinsa kullum. Na biyu kuwa wayar na karanta shi ne kawai. Shi ya sa mayar da waya yadda ta fito daga kamfani yake share na farko, ya bar na biyu yadda ya same shi.

A shekarun farko wannan hani bai wuce takardar gargaɗi da aka manna a ƙofa ba. Mai rut kan ba da umarni guda a sake buɗe sashen tsarin domin rubutu, sai ya shiga ya yi yadda ya so. Wasu sukan gyara fayil ɗin build.prop, inda aka rubuta sunan wayar da wasu saitunanta. Wasu sukan cika fayil ɗin hosts da adiresoshin masu talla domin tallace-tallace su daina cin data. Wasu kuma burinsu kawai su goge manhajojin da kamfani ya cusa, waɗanda ke cinye ma'ajiya ba tare da amfani ba.

Yadda takarda ta zama kwaɗo

An rufe ƙofar ne a matakai uku. Na farko shi ne dm-verity, wanda ya zo da Android 4.4 a 2013. An yanka sashen tsarin gunduwa-gunduwa, aka lissafa wa kowace gunduwa wata lamba da ke zame mata kamar zanen yatsa, aka tattara lambobin hawa-hawa har suka koma lamba ɗaya, kamfani ya sa mata hannu. Duk lokacin da wayar ta karanta wata gunduwa sai ta gwada ta da lambarta. Harafi ɗaya aka canza, lissafin ya rushe. Daga Android 7.0 a 2016 aka tsaurara: wayar da aka taɓa wa wannan sashe na iya ƙin tashi sam. Ko buɗe shi domin rubutu kawai, ba tare da an canza komai ba, yana barin alamar da ke ɓata lissafin.

Mataki na biyu ya zo da Android 10 a 2019. Aka haɗa sassan tsarin cikin babban sashe guda, aka auna kowanne daidai da abin da ke cikinsa, babu sararin ƙara komai. A wayoyi da dama an kuma sa fayiloli masu gunduwa iri ɗaya su yi tarayya a kanta domin tsimin wuri, kuma Linux ba ya yarda a yi rubutu a irin wannan shiri ko da mai rut ne ya nema.

Na uku shi ne EROFS, tsarin adana fayiloli da injiniyoyin Huawei suka ƙirƙira, wanda ya shiga Linux a 2019, sababbin wayoyi da yawa kuma suka koma kansa. Shi tun asali ba a gina masa hanyar rubutu ba, kamar faifan CD da aka riga aka buga. Don haka wanda ya bi tsohon bayani na shekaru goma da suka wuce yana ƙoƙarin tilasta rubutu, ko dai ya tarar da bango, ko ya ƙare da wayar da ta maƙale a tambarin kamfani.

Masu rut sun samo wa kansu mafita. A 2016 wani matashi ɗan Taiwan, John Wu, ya fitar da Magisk, manhajar da ba ta taɓa sashen tsarin ko kaɗan. Tana gyara ƙaramin sashen da wayar ke fara lodawa idan an kunna ta, sannan ta shimfiɗa fayilolin mai waya a kan na kamfani, yadda ake shimfiɗa tabarma a kan daɓe. Wayar na ganin tabarmar, daɓen na nan ƙasa ba a fasa shi ba, kuma ranar da aka naɗe tabarmar komai ya koma yadda yake. A 2021 Google ya ɗauki John Wu aiki a sashen tsaron Android.

Hujjar masu kwaɗo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2020 masu bincike na kamfanin Kaspersky suka bayyana yadda wata muguwar manhaja mai suna xHelper take dawowa ko an share waya kaf. Tare da wata 'yar'uwarta, Triada, takan ƙwaci rut, ta buɗe sashen tsarin domin rubutu da irin umarnin da masu sha'awar gyaran waya ke amfani da shi, ta dasa kanta a ciki. Daga nan ta canza wani muhimmin fayil na tsarin ta yadda mai wayar ba zai iya sake buɗe wurin ya cire ta ba. Ɓarawo ya shiga ɗaki ya kulle daga ciki.

Wayar yau kuma ta wuce abin kira da saƙo. A cikinta asusun banki yake, ta cikinta lambobin tabbatar da cirar kuɗi ke shigowa, a cikinta takardun ofis da sirrin iyali suke. A wayar da ba a yi wa rut ba, kowace manhaja tana cikin akurkinta, ba ta leƙa na maƙwabciyarta. Manhajar da aka ba rut kuwa babu akurkin da ba ta shiga. Saboda haka bankin da manhajarsa ta ƙi buɗewa a irin wannan waya, bayan ta tambayi tsarin Play Integrity na Google, ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

Inda hujjar ta tsaya

Sai dai hatimin kamfani abu ɗaya yake shaidawa: abin da ke ciki shi ne abin da masana'anta ta zuba. Bai ce abin mai kyau ne ba. A 2019 Google da kansa ya bayyana cewa an taɓa cusa Triada cikin tsarin wasu wayoyi tun kafin su bar masana'anta, ta hannun 'yan kwangilar da ke rubuta wa kamfanoni manhaja. A 2020 binciken kamfanin Upstream da kafar BuzzFeed News ya gano Triada da xHelper a dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Ghana da Kamaru da Habasha da Masar da Afirka ta Kudu, suna yi wa masu su rajistar wasu hidimomi a ɓoye suna cin kuɗinsu da data. Kamfanin Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Darasin dai a fili yake: idan cutar ta zo a cikin sashen da aka rufe, kwaɗon da aka ce yana kare mai waya shi ne zai hana shi magani.

Sai batun tsufa. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara 7, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa. Wayoyi masu araha ba sa samun ko kusa da haka, kuma su ne, tare da waɗanda aka gama amfani da su a Turai, suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Ranar da kamfani ya daina aiko da gyara, duk kafar da aka gano daga baya tana nan a buɗe. Ƙungiyoyin sa kai kamar masu LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, suna ci gaba da fitar da sabuwar Android ga tsofaffin wayoyi da dama, amma ba ta shiga sai an buɗe butloda, wato manhajar da ke tada waya ta kuma tantance abin da za a loda. A nan wani abin takaici ke fitowa: tsohuwar waya da ta yi shekaru ba gyara na iya cin gwajin Play Integrity na matsakaicin mataki domin hatiminta na nan, alhali 'yar'uwarta mai sabon tsari na sa kai ta faɗi.

Ita kanta wannan ƙofa ta butloda tana ƙara ƙanƙancewa. Huawei ya daina ba da lambobin buɗe ta a 2018. A wayoyin Samsung akwai wani ɗan fiyus na tsarin Knox da ke ƙonewa har abada idan an ɗora tsarin da ba na kamfani ba, ya tafi da wasu hidimomi irin su Secure Folder, kuma a 2025 kamfanin ya cire zaɓin buɗewar daga One UI 8.

Akwai hanya ta tsakiya

Ba dole ba ne a zaɓi tsakanin gida mara ƙofa da gidan da mai shi ba ya da makulli. Tsarin tantancewar Android da kansa ya tanadi hali huɗu, kowanne da launinsa: kore ga tsarin kamfani a kulle, ruwan lemo ga wayar da aka buɗe, ja ga wadda ta faɗi gwaji, rawaya kuma ga wayar da ke kulle amma da makullin mai ita. Wayoyin Pixel suna ba da damar wannan na rawaya, kuma da shi GrapheneOS ke aiki: mutum ya buɗe, ya ɗora tsarin da ya amince da shi, ya sake kullewa, lissafin gunduwa-gunduwa ya ci gaba da tsare shi. Buɗewar kuma tana share duk bayanan da ke cikin wayar, don haka ɓarawon da ya bi ta nan ba zai tarar da komai ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe masu ma'ana. Wayar da aka saya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, mai ba da bashin na da haƙƙin ta zauna a kulle har a gama biya. Akasarin masu saye kuma ba za su taɓa neman makullin ba. Amma haƙƙi ba ya faɗuwa don 'yan kaɗan ne ke amfani da shi, kuma waɗannan 'yan kaɗan su ne masu bincike da masu gyara da ke tono irin Triada domin amfanin kowa.

Doka ta fara motsi, ko da yake rabi-rabi. Tun 2010 Amurka ta halatta wa mutum ya ɓalle takunkumin manhajar wayarsa, amma ba ta tilasta wa kamfani ya sauƙaƙa masa ba. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta a ci gaba da sabunta tsarin waya aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurinta. A Nijeriya hukumar NCC ce ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi. Babu abin da zai hana ta buƙaci a rubuta abu biyu a jikin kwali: ranar da sabuntawa za ta ƙare, da ko za a miƙa makulli bayan wannan rana.

Kafin a kai can, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wayar da ke ɗauke da asusun banki da aikin ofis ba wurin gwaji ba ce, kuma ba a miƙa ta ga mai gyara ya yi mata rut ba tare da an kwashe abin da ke ciki ba. Yawancin abin da ake nema ma yanzu yana samuwa ba tare da rut ba: ana iya kashe manhajojin kamfani daga saituna ko a ɓoye su ta kwamfuta da manhajar ADB, kuma tun Android 9 akwai saitin DNS na sirri da ke iya tace tallace-tallace. Mai son koyo ya nemi waya ta biyu, ya adana ainihin fayilolin kamfani, ya yi aiki da shimfiɗar Magisk maimakon fasa daɓe. Mai saye kuma, kamar yadda yake tambayar ƙarfin batir da kyamara, ya dace ya fara tambayar mai shago shekara nawa kamfanin zai kula da wayar, kuma a hannun wa makullin zai kasance ranar da ya daina.