Raddi Ga Masu Cewa a Bar wa Attajirai Ƙawata Titunan Kasuwancin Sakkwato da Fitilu

Akwai ra'ayin da ake ji daga bakin wasu 'yan kasuwa da ma'aikata a birnin Sakkwato, cewa tunda ɗawainiya ta yi wa hukuma yawa, ya kamata a sakar wa bankuna da kamfanoni da manyan attajirai mara su kafa fitilun ado da kuɗinsu a wuraren da ciniki ya fi kankama, irin su titin Ahmadu Bello da titin Kano da titin Emir Yahaya da kewayen Babbar Kasuwa. Abin da ake nufi da fitilun ado shi ne waɗanda aka ƙera domin su burge ido, masu launi iri-iri ko masu turaku na ƙawa ko igiyoyin ƙananan ƙwayaye da ake naɗewa a shataletale, saɓanin fitilun hanya na asali, waɗanda aikinsu shi ne su haska ƙasa har mai tafiya ya ga rami kafin ya faɗa. Masu ra'ayin suna kafa hujja da cewa aikin ba zai ci kuɗin jama'a ba, zai kawo tsaro da ciniki, sadaka ce mai gudana, kuma haka manyan biranen duniya suke yi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta kyauta, kuma a nan ne kuskurensu ya fi girma, domin sun lissafa kuɗin ranar kafawa sun manta da na shekarun da ke biye. Sayen doki bai kai ciyar da shi wuya ba. Fitilar da aka jona da layin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato da Kebbi da Zamfara suke ƙarƙashinsa, tana buƙatar mai biyan kuɗin wuta kowane wata, wadda aka jona da janareta kuwa tana shan man da tsadarsa ta gagari masu ƙananan sana'o'i. Idan aka ce ai sola za a sa, sai a ce sola ma tana da nata cin: farantinta yana buƙatar shara a duk lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke lulluɓe shi ta rage abin da yake tarawa, baturinta kuma yana wahala a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, alhali masu ƙera baturan dalma suna auna tsawon rayuwarsu ne a kan digiri 25, kuma sananne ne cewa ƙarin kimanin digiri 10 a kan hakan yana rage rayuwar da wajen rabi. Baturin litiyam ya fi juriya, amma ya fi tsada, ya kuma fi jan hankalin ɓarawo. Da kuɗin waje ake shigo da galibin waɗannan kaya, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin canza baturi ɗaya ya daina zama abin da ake yi wa alkawari da baki.

To, a ranar da mai kyautar ya gaji, ko kasuwa ta juya masa baya, ko aka canza shugaban kamfanin da ya yi alkawarin, kan wa nauyin zai faɗa? Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci fitilun titi da sunansu a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kasuwanni da magudanun ruwa da kula da allunan talla. Ma'anar wannan ita ce duk turken da aka kafa a titin Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu, ko wane ne ya saye shi, gyaransa da cire shi idan ya mutu da amsa ƙara idan ya faɗo wa wani suna komawa kan hukuma ne a ƙarshe. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara toshe ƙofar uzurin da ake fakewa da shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: kamfanin da ya rataya sunansa a jikin turaku ɗari ya samu allunan talla ɗari a titi mafi tsada a gari, waɗanda da ya neme su ta hanyar da aka saba da sai ya biya.

Batun tsaro ya fi sauƙin warwarewa. Gaskiya ne haske yana rage ɓarna, kuma gwajin da aka yi a rukunonin gidajen gwamnati na birnin New York a 2016 ya nuna raguwar kusan kashi 36 cikin ɗari na manyan laifukan da ake aikatawa a waje da dare. Sai dai fitilun da aka yi gwajin da su manya ne masu tsananin haske, babu ado ko kaɗan a jikinsu, kuma an kai su unguwannin da laifi ya yi katutu ne. Attajiri kuwa ƙofar shagonsa da ta bankinsa zai haska, inda dama akwai maigadi da janareta, lungunan Tsohuwar Kasuwa da hanyoyin da masu shayi da 'yan kabu-kabu ke bi su koma gida bayan isha'i su ci gaba da zama cikin duhu. Ita ma hujjar ciniki ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin mai saye da dare yana tambayar ko zai samu abin hawa da kwanciyar hankali ne, kuma kasuwar da ake rufe ƙofofinta da almuru launin ƙwan fitila ba zai buɗe ta ba.

Inda maganar ta fi buƙatar natsuwa shi ne inda suka jingina ta da addini, suka kira aikin sadaka mai gudana, suka kawo misalin rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya saya ya bar wa jama'ar Madina. Misalin sahihi ne, amma ƙiyasin da aka gina a kansa gurgu ne. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya bayyana a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahohin da shari'a ke karewa hawa uku ne: na larura, waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su; na buƙata, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci; da na kyautatawa, waɗanda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ruwan sha yana hawa na farko, hasken hanya yana na biyu, ado yana na uku, kuma babu malamin da ya haramta na ukun, sai dai ba a gabatar da shi a kan na sama da shi. Sannan wakafi, wato tsare asalin dukiya a bar amfaninta yana gudana ga jama'a, yana da sharuɗɗa. Mutum yana yin wakafin abin da ya mallaka ne, titi kuwa ba nasa ba ne. A mazhabar Maliku dole abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun kafin mutuwa ko karayar arziki ta riske shi, kuma malaman fiƙihu sun ce daga abin da wakafi ya samar ana fara cire kuɗin gyaransa ne kafin a ba kowa komai. Fitilar ado ba ta haifar da ko kwabo, saboda haka mai son ladan ya ɗore sai ya haɗa ta da shago ko gidan haya da zai riƙa ciyar da ita, ya kuma damƙa su ga naziri, wato amintaccen mai kula, kuma jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi da aka kafa domin irin wannan.

Saura misalin ƙasashen waje. 'Yan kasuwar titin Regent a Landan sun fara rataya fitilun bikinsu a 1954, amma a kan titin da hukuma ta riga ta haska. A Toronto ta ƙasar Kanada, inda aka kafa gundumar raya kasuwanci ta farko a unguwar Bloor West a 1970, 'yan kasuwa sun gano cewa karo-karon ganin dama ba ya ɗorewa, sai suka nemi doka, hukumar birni ta riƙa karɓar wani ƙayyadadden kaso daga dukkan wuraren kasuwanci na yankin tana miƙa wa kwamitinsu, yana kashewa bisa kasafin da aka amince da shi. Wanda ya ɗauko fitilun ya baro dokar da kasafin ya ɗauko ɓawo ne. Abin tsoro a nan gida shi ne, idan kuɗin attajiri ya yanke, a wayi gari ana bin 'yan tireda da masu tebur rumfa-rumfa ana karɓar kuɗin fitila babu doka babu rasit, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin waɗannan karɓe-karɓe na kasuwa cikin zaluncin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi a Kitabul Farƙ. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya gina wannan birni a 1809, ya ɗora gyaran kasuwanni da hanyoyi a wuyan shugaba a littafinsa Usulus Siyasa.

Idan aka ce wannan raddi yana kashe wa masu alheri gwiwa, sai a ce ƙofa a buɗe take ga wanda ya yarda a rubuta yarjejeniya da ƙaramar hukuma, a bayyana ta ga jama'a, a ajiye kuɗin gyara na shekarun da aka ƙayyade tun kafin a haƙa rami, a biya kuɗin talla idan za a rataya suna, a kuma bar ƙwararru su duba kowace waya, domin garin da ya ga gobarar Babbar Kasuwa a watan Janairun 2021 ba shi da uzurin sakaci da wayar lantarki. Wanda bai amince da waɗannan sharuɗɗa ba, bai kamata a ba shi izinin kafa ko turke ɗaya a titin jama'a ba.