Ba Kowane Katun Ne Na Ƙananan Yara Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawanmu mun ɗauka katun abin lallashin ƙananan yara ne kawai. Ni kuwa ra'ayina dabam ne, kuma hujjata ita ce kashin farko na wani katun na ƙasar Japan mai suna Mobile Suit Gundam, wanda na kalla a hutun da ya wuce. Yoshiyuki Tomino ne ya shirya shi, aka fara nuna shi a talabijin ran 7 ga Afrilu, 1979.

Labarin yana faruwa ne a wani zamani mai zuwa, lokacin da mutane suka gina garuruwa a sararin samaniya. Wata ƙasa a can mai suna Zeon ta yi tawaye ga gwamnatin duniya, yaƙi ya cinye rabin bil'adama. Makamansu mutum-mutumi ne na ƙarfe da mutum ke shiga ciki ya tuƙa. Shi Gundam tsawonsa mita 18 ne.

Abu na farko da ya kama hankalina shi ne jarumin, Amuro Ray, ɗan shekara 15, watau tsaranmu. Sojojin Zeon sun shigo garinsu leƙen asiri, sai ɗayansu ya ƙi bin umarni ya buɗe wuta don neman suna. Nan take farar hula suka faɗi, har da uwa da kakan ƙawarsa Fraw Bow. Amuro ya tsinci littafin bayanin Gundam, ya shiga ciki jikinsa na rawa, yana dubawa yana danna maɓallai. Tsoro ya sa ya ɓarnatar da harsasansa a banza.

Na biyu, nasararsa ba ta zo da murna ba. Da ya sare mutum-mutumin farko, sai injinsa ya fashe ya huda bangon garin, iska ta ja mahaifinsa, wanda ya ƙera Gundam ɗin, ta jefa shi sarari. A Mazinger Z na 1972 dodannin ƙarfe jarumi ke farfasawa, mai kallo ya yi tafi. A nan kuwa cikin kowane ƙarfe akwai mutum mai rai, ɗan wani. Wannan ne ya bambanta shi.

Ba na cewa ba shi da aibi. Da wuya hankali ya yarda yaro ya koyi tuƙin irin wannan na'ura cikin 'yan mintoci, alhali mu awon da ake yi a ɗakin kimiyya ma sai mun maimaita. Zanen kuma ya tsufa. Har a Japan bai karɓu da farko ba, aka yanke shi a kashi 43 maimakon 52, sai daga baya ya yi suna.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu kada su yanke hukunci kafin su gani, gama gani ya kori ji. Ku zauna da mu a lokacin hutu ku kalla, ku tambaye mu abin da muka fahimta. Mu kuma ɗalibai mu lura: Amuro bai tsira da ƙarfin damtse ba, da karatu ya tsira. Allah ya kiyashe mu ganin yaƙi, amin.