Barin Aiki Ba Barin Jama'a Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, mu tuna da wani dattijo, Alhaji Abubakar Imam, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Zariya cikin 1981. Allah ya ji ƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1927, ya fita cikin 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watau shi ma ta irin ƙofar da mu ke shirin fita ya fita, da alli a hannu. Cikin 1933 ya rubuta Ruwan Bagaja, bayansa Magana Jari Ce. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, shi ne editanta na farko. Daga baya ya zauna cikin hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa.

Duk wannan kowa ya sani. Amma abin da na ke so mu duba shi ne aikin da ba wanda ya sa shi, ba kuwa wanda ya biya shi. Sa'ad da ya je Ingila cikin 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya sadu da Lugga, bai tsaya ga gaisuwa kaɗai ba, sai da ya bayyana masa abubuwan da ke damun mutanen Arewa, ya kuma sa su a rubuce. Wa ya aike shi? Ba kowa. A Tudun Wadan Zariya kuwa, inda ya zauna, ya kafa makarantar Nurul Huda, don yaran unguwa su sami ilmin addini da na zamani wuri guda. Wannan ma ba ya cikin takardar aikinsa.

To, ga ra'ayina. Ma'aikaci mabarta biyu ke binsa. Na fari Gwamnati, ita kuwa ranar da ya ajiye aiki sun rabu lafiya. Na biyu talakawa, waɗanda da kuɗinsu aka gina ajin da ya zauna, aka sayi littafin da ya karanta. Wannan bashi fansho ba ya kashe shi, sai dai kabari.

Na ga misalin wannan da idona a ƙasarmu, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Akwai tsofaffin ma'aikata biyu a gari guda. Ɗaya tun da ya dawo gida sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ba shi da zance sai na zamanin da ya ke ofis, da yadda duniya ta lalace. Ɗayan kuwa ƙofar gidansa ba ta rabuwa da mutane: wannan a karanta masa takardar asibiti, wancan a rubuta masa wasiƙa, wata a raka ta wurin hukuma a kan gonar marayunta. Da damina, in hanyar kasuwa ta yanke, shi ke kiran gayya. Ran da na farin ya kwanta ciwo, 'yan gidansu suka yi jiyya. Ran da na biyun ya kwanta, gari ya yi.

Na san wani zai ce, “Ai wanda ya yi shekara talatin da biyar yana bauta ya cancanci hutu, fanshon ma sau da yawa ba ya isa cefane.” Gaskiya ne, ban musa ba, kuma wajibi ne hukuma ta biya tsofaffi hakkinsu a kan kari. Amma ni ban ce su fid da kuɗi ba. Abin da ke hannunsu ya fi kuɗi: sun san ƙofar da a ke ƙwanƙwasawa, sun san yadda a ke rubuta kuka har a ji shi.

Wani kuma zai ce, “Mu da ko aikin ba mu kama ba, ina ruwanmu da zancen barinsa?” Ai da mu a ke. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Imam yana da shekara talatin da biyu ya tsaya gaban Lugga. Wanda bai saba taimakon mutane da ƙuruciya ba, furfura ba za ta koya masa ba. Saboda haka duk garin da aka tura ka, in an tashi daga makaranta kada ka kulle ƙofa. Tara manya ka koya musu karatu da yamma, shiga gayyar gari, san maƙwabtanka.

Allah ya sa mu gama lafiya, ya sa a tuna da mu da alheri, amin.