Launin kakar Yamai ya ishi mai hoto

Da damina ta ɗauke a ƙarshen Satumba, Yamai takan samu makonni shida ko bakwai da babu kamarsu a shekara. Ruwa ya wanke ƙura, hazon hunturu bai iso ba, gari garau har mai tsaye a bakin kogin Isa yana hango tsaunukan hayin Harobanda kamar ya miƙa hannu ya taɓa. A daidai lokacin ne kuma Facebook ke cika da hotunan dazuzzukan Kanada da Japan, ganye jawur kamar garwashi. Sai matasanmu masu ɗaukar hoto su ɗauki gadar Kennedy, su yi ta loda wa hoton launi cikin salula har bedi ya koma ruwan lemo, sama ta zama shuɗin bula. A ganina wannan hasara ce, domin suna rufe launin da muke da shi da na aro.

A can, ganye na ja ne saboda yini ya gajarta, sanyi ya shigo, itace ya janye korensa. Yamai kuwa bambancin dogon yini da gajere bai kai awa 2 ba, itatuwanmu ruwa suke bi. Dubi gawo, da yake tsirara duk damina, sai an fara girbi ya yi sabon ganye. Ga shi kore shar a tsakiyar gonar da karanta ya bushe ya yi ruwan zuma, ga dammunan gero an jera kusa da rumbu, ga soɓorodo ya nuna a bakin iyaka. Shi kansa kogin yana sauya riga. A Agusta da Satumba ja yake da lakar da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwarara masa, sannan ya fara washewa kafin ruwan Gini ya cika shi wajen Disamba da Janairu. Abin da wannan launi yake nema shi ne haske, kuma haske sai da haƙuri. Ranar tsaka tana kashe komai. Da hantsi bai ɗaga ba, ko da la'asar sakaliya, jar ƙasa ke fito da janta, amma rana na faɗuwa wajen shida da rabi, duhu kuma ba ya jira.

Za a ce ai kwalliya ce kawai, wa ta cuta? Ta cuci hoton a matsayinsa na shaida. Da masana irin su Gray Tappan suka jera hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, sun nuna wa duniya cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa a hekta wajen miliyan 5. An yarda da hotunan ne domin babu wanda ya yi musu shafe-shafe. Yau rairayi na cin kogi, gidaje na cin dajin bedin da aka soma dasawa kewaye da birni a 1965. Jikanmu zai so ya san yadda wuraren suke, kuma hoton da aka rina ba zai gaya masa ko ciyawar ta bushe ko ɗanya ce ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta aljihu: kuɗin mai hoto na wurin biki da suna, babu mai sayen hoton gona. Gaskiya ne. Amma hotunan Philippe Koudjina na shekarun 1960 da 1970 sun yi daraja ne don ya ɗauki Yamai yadda ya gan ta. Kakarmu kuma cike take da mutane, masu yankan gero, masunta cikin kwalekwale, masu wanki sun shanya tufafi kala-kala a gaɓa. Rashin tsaro ya toshe hanyar dajin W, zuwa Kouré ganin raƙuman dawa ya zama abin shawara tun harin Agustan 2020, sai dai unguwannin Goudel da Kirkissoye suna cikin gari, kuma a Nuwamba shinkafar Saga ke yin ruwan zinariya kafin a sa mata lauje.