Ƙin Baƙo Ba Cutar Turawa Kaɗai Ba Ce

A fadojin shayi na Bazaga da Birnin Konni a Nijar, duk ranar da rediyo ya kawo labarin nasarar jam'iyyun masu ƙyamar baƙi a Turai, hukunci ɗaya ake yankewa: Bature ba ya son baƙar fata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wannan hukunci yana rufe wa mutane ido daga haɗarin da ya fi kusa da su.

Jam'iyyar Giorgia Meloni ta ci zaɓen Italiya a 2022 da alkawarin tare jiragen ruwan baƙin haure. Ta Geert Wilders ta zo ta ɗaya a Holan a 2023, jam'iyyar AfD kuma ta zo ta biyu a Jamus a 2025. Tsadar rayuwa da ƙarancin gidajen haya da gajiya da tsofaffin jam'iyyu ne suka share musu hanya, baƙo kuwa shi ne mai sauƙin ɗora wa laifi tunda ba shi da ƙuri'a. Gwamnatin Meloni da kanta ta amince da shigo da ma'aikata baƙi 452,000 tsakanin 2023 da 2025, domin gonakin tumatir da tsofaffin da ke buƙatar mai kula ba su san kamfe ba.

'Yan siyasar Afirka sun daɗe da ƙwarewa a wannan sana'a. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango na cikin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. A Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe ya matso, sai gwamnatin Shehu Shagari ta bai wa baƙi marasa takardu mako biyu su bar Najeriya, aka kwashe har da 'yan Nijar. A Kwaddebuwa, Shugaba Henri Konan Bédié ya ɗauko batun wane ne ɗan ƙasa na asali don ya tare abokin hamayyarsa Alassane Ouattara, abin ya ƙare da yaƙi a 2002. Babu Bature ko ɗaya a cikin waɗannan.

Saurayin Bazaga kuwa, idan an gama girbin gero, ba Roma yake nufa ba. Abijan yake tafiya biɗa, ko Legas, ko Libiya, ya kafa teburin shayi da burodi, ko ya tura kurar ruwa, kuɗin da yake aikowa su sayi buhun hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda zai iya kore shi maƙwabci ne, kamar yadda Aljeriya ke jibge mutane a sahara kusa da Asamaka.

A Nijar an yi murna da soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, ana ganin an kunyata Turai. Amma abin da ya daɗe yana kare ɗan cin rani shi ne yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta 1979. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma izinin shige da ficen da aka bar wa 'yan ƙasarta na wucin gadi ne.