Batirin ofis ma dukiyar al'umma ne

Ma'aikacin da ya saba da ɗaukewar wuta a Abuja yana da uzuri idan ya jona wayarsa da kwamfutarsa har su cika maƙil. Sai dai idan hakan ya zama ɗabi'ar kullum, batiri kan tsufa tun lokacinsa bai yi ba, kuma a ma'aikatun tarayya baitulmali ne ke biyan kuɗin sabo.

Batirin litiyam ya fi daɗewa idan cajinsa na kai-komo tsakanin kashi 20 da kashi 80 cikin ɗari. Zamansa a cike na tsawon kwanaki yana rage masa ƙarfi, haka ma barinsa ya ƙare ƙarƙaf. Shawarar nan ta a bar waya ta mutu kafin a sa mata caji gado ce daga zamanin batiran nikel, kuma ba ta dace da na yau ba.

Zafi ya fi komai ɓarna. Kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa zafin da ya haura digiri 35 na iya nakasa batiri har abada. Motar da aka rufe a harabar Sakatariyar Tarayya da tsakar ranar watan Maris takan zarce wannan ma'auni nesa ba kusa ba, amma a cikinta hadimai da dama ke barin kwamfutar maigida har a tashi taro. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki, domin yana iya kamawa da wuta. Irin wannan haɗari ne ya sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Yawancin sababbin wayoyi da kwamfutoci suna da saitin da ke tsayar da caji a wajen kashi 80. Ya kamata sashen fasahar sadarwa na kowace ma'aikata ya kunna shi kafin ya miƙa na'ura ga ma'aikaci, a bar cikawa zuwa ranar tafiya. Na'urar da za ta kwana biyu a sito kuma, a ajiye ta da rabin caji a wuri mai sanyi. Wanda ke tattalin batirin wayarsa a gida ya san yadda ake yi, saura ya yi wa na ofis adalci.