Hoton da Ke Bayan Kalma: Abin da Ƙamus Ba Ya Faɗa

Da za a tara ɗalibai talatin a aji ɗaya, a ce kowa ya rufe ido, sannan a furta kalmar "gida", babu wanda zai tsaya neman ma'anarta a ƙamus. Kafin mai furucin ya rufe baki, hoto ya riga ya sauka a zuciyar kowannensu. Wanda ya tashi a Birnin Damagaram zai ga zaure da katangar ƙasa da tsakar gida. Wanda ya tashi a ƙauyen Gobir zai ga dangar kara da rumbuna da turken awaki. Ɗan zangon Kumasi zai ga ɗakunan haya a jere ƙarƙashin rufin kwano. Wanda kuwa ya fara karatu da littattafan Faransanci, ba mamaki ya ga gini mai rufin tsini da tagogi biyu da hayaƙi na fita ta sama, irin wanda bai taɓa kwana a cikinsa ba. Dukansu sun ji kalma ɗaya, nahawunsu ma ɗaya ne, amma abin da kowa ya gani daban. Ɗalibin da ya haddace ma'ana bai binciki wannan hoton zuci ba, ya san rabin kalma ne kawai.

Yadda zuciya take zaɓen misali

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. A littafin Ferdinand de Saussure da aka buga a 1916, bayan rasuwarsa, an bayyana cewa kowace kalma fuska biyu gare ta: sautin da kunne ke ji, da tunanin da sautin ke tayarwa. Zanen itace aka yi misali da shi. Sai dai tambayar da ta fi amfani ga ɗalibin Hausa ita ce: wane itace? Kuka ce, ko tsamiya, ko gawo, ko dogon yaro da asalinsa na ƙasar Indiya ne amma ya cika titunan Yamai da Maraɗi?

A shekarun 1970, Eleanor Rosch ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali ta gwada mutane a kan rukunonin abubuwa irin su tsuntsaye da ƴaƴan itace da kayan ɗaki. Ta gano cewa mutane ba sa ɗaukar ƴan rukuni ɗaya daidai wa daida. Akwai wanda ke zaune a tsakiya, shi ne fitaccen misali, akwai kuma na gefe. Ƙaramin tsuntsu mai tashi da kuka ya fi saurin zuwa zuciya fiye da jimina, duk da cewa ita ma tsuntsuwa ce cikakkiya. Bahaushe zai gane wannan ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Idan aka ce masa "tsuntsu", kurciya ko tantabara ko shaho ne za su gifta masa, da wuya kaza ta zo, alhali ita ce ya fi gani kowace safiya. Jemage kuwa yana tashi sama, amma haihuwa yake yi yana shayarwa, saboda haka zuciya ta rasa inda za ta ajiye shi.

William Labov ya ƙara haske a binciken da ya buga a 1973. Ya nuna wa mutane zane-zanen mazubai, yana ƙara faɗin bakinsu kaɗan-kaɗan, yana tambaya a ina kofi ya ƙare, a ina kwano ya fara. Ba a sami iyaka guda ba. Har ma mazubi ɗaya sunansa na sauyawa gwargwadon abin da aka ce an zuba a ciki, abin sha ko abinci. A Hausa akwai misalin da ya fi wannan armashi. Ƙoƙo da ƙwarya da masaki duk daga duma suke, girma da aiki ne suka raba su. Babu ma'aunin da ya ce daga nan ƙoƙo ya zama ƙwarya, amma duk matar da ke dama fura ba ta kuskuren sunansu, domin hoton kowanne yana zaune a ranta tare da aikinsa.

Inda fassara take yaudara

Ɗaliban Hausa da yawa a Nijar da Kamaru da Cadi ta Faransanci suka shiga karatun boko, na Gana kuma ta Ingilishi. Nan ne hoton wani harshe yake lallaɓowa ya zauna a kan kalmar Hausa. Lokutan shekara sun isa shaida. Sau da yawa akan fassara printemps da "bazara". A Faransa wannan lokaci ne na furanni da iska mai daɗi bayan tsananin sanyi. Bazara kuwa zafi ce da gumi da ƙarancin ruwa a rijiya, lokacin da manomi ke sharar gona yana duban gabas ko hadari zai haɗo. Wanda ya karanta waƙar da ta ambaci bazara da hoton furanni a zuciyarsa ya juya manufar mawaƙi gaba ɗaya. Haka nan hiver sanyi ne a Turai, amma a Faransancin Afirka ta Yamma hivernage damina ake nufi, ba hunturu ba.

Ko a cikin Hausa kanta hoto yana sauyawa idan aka tsallaka iyaka. A kasuwar Maraɗi "dala" sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jika kuma sefa 1000. Mai sauraren labarai a Kano idan ya ji "dala ashirin" kuɗin Amurka zai fara zuwa masa. Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ƴan sa'o'i ce, amma baƙon da ya shiga ciniki da hoton garinsu zai sha kunya ko ya yi asara.

Manyan ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, taska ce da ɗalibi ba zai wadatu da barinta ba. Amma aikin ƙamus shi ne ya shata iyakar ma'ana. Ba zai iya sa wa mai karatu ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko a hanci ba, kuma wannan ƙamshin yana cikin ma'anar "damina" ga wanda ya tashi da kalmar.

Daga hoto zuwa zato

Da a ce abin ya tsaya ga tsuntsaye da ƙore, da sai a ce nishaɗin masana ne. Matsalar tana girma ne idan kalmar ta shafi mutane. Akwai wata kacici-kacici sananniya a Turai da Amurka: uba da ɗansa sun yi hatsarin mota, uban ya rasu nan take, aka kai yaron asibiti, likitan fiɗa ya ƙi yi masa aiki saboda wai ɗansa ne. Mutane da yawa sukan rikice, alhali amsar ita ce likitan mahaifiyar yaron ce. Abin lura ga ɗalibin nahawu shi ne cewa wannan kacici-kacici ba ta zama daidai a Hausa. Ingilishi yana iya ɓoye jinsin mai magana, Hausa kuwa tana tilasta a zaɓa tsakanin "ya ce" da "ta ce". Ko a jimlar da ta gabata an rubuta "ya ƙi", wato an yanke hukunci tun kafin a ji amsa. Kalmar "likita" tana ɗaukar namiji da mace, amma a nemi ɗalibai su gina jimla da ita ba tare da shiri ba, a ƙirga masu "ya" da masu "ta". Sakamakon zai nuna hoton da ke zaune a zuciya.

Haka yake ga "malami" da "jarumi". Hoton farko na gemu ne da rawani ko takobi, duk da cewa tarihi ya san Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin ƴan taru don karantar da mata, ya kuma san Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899. Kalmar "Bahaushe" ma ba ta tsira ba. Saboda daidaitacciyar Hausa ta ginu ne bisa karin Kano, hoton Bakano ya mamaye tsakiya, har ɗan Tawa ko Dogon Dutsi ko Garwa yakan ji kamar Hausarsa ta gefe ce. Wannan zato ne, kuma yana da illa: yana sa ɗalibi ya raina kalmomin kakarsa, ya ƙi rubuta su, har su bi ta kabari.

Wani zai ce ai wannan hoto ba laifi ba ne, rahama ce. Gaskiya ne. Da zuciya za ta tsaya tantance kowane irin gida kafin ta fahimci "ya tafi gida", da zance bai yiwu ba. Fitaccen misali shi ne ke sa magana ta yi sauri, kuma shi mawaƙi da mai karin magana suke dogara da shi. Ba a neman a goge shi, ba ma zai gogu ba. Abin da ake nema shi ne a san yana nan, a san daga ina ya zo, a kuma bar masa ƙofa a buɗe. Gawo ya isa darasi: hankali ya saba itace yana kore da damina, shi kuwa da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani. Wanda ya ce gawo ba itace ba ne don ya saɓa wa hotonsa, hotonsa ne ya gaza.

Abin da ya kamaci ɗalibi

Duk kalmar da ɗalibi ya nazarta, ya dace ya yi mata tambayoyi uku. Me ya fara gani da ya ji ta? Daga ina wannan hoto ya zo masa, daga gida ne, ko littafin makaranta, ko fim? Me tsohuwar ƙauyensu ko ɗan wani gari zai gani? Tambaya ta uku ba a amsa ta a ɗakin karatu. Sai an je wurin masaƙi da mahauci da mai koda da ungozoma, an saurari yadda suke sarrafa kalmar, an rubuta. Malamai kuma ya kamata su daina wadatuwa da jera kalma gefen takwararta ta Faransanci ko Ingilishi a allo, su riƙa kawo karin magana da tatsuniya da zancen kasuwa da kalmar ke rayuwa a cikinsu. Ɗalibin da ya saba da wannan zai fi iya fassara, zai fi fahimtar waƙa, kuma zai rage saurin yanke wa mutane hukunci kafin ya gan su.